Yadda ake haɗa ƙwayoyin zinki oksaid 'yan nanomita da auna hasken da suke fitarwa

Cikin oksaid ɗin ƙarafa, zinki oksaid, ZnO, shi ya fi dacewa a fara da shi idan nazarin haske ake so. Ba ya bukatar tanderu, kayan haɗinsa ba su da wuyar samu, kuma ido ma yana ganin sakamakon: a haska ruwan da fitilar UV, wato hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 365 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) cikin duhu, sai ya ɗauki haske kore mai ratsin rawaya. Sai dai ƙwayar da faɗinta bai wuce nanomita 3 ba, fiye da kashi ɗaya bisa uku na atam ɗinta a bayan jikinta suke, suna gogayya da duk abin da ke cikin kwalbar. Saboda haka hasken da na'ura za ta nuna maka ya dogara da daɗewar samfurin, yawan ruwan da ya shiga itanol ɗin, sau nawa aka wanke, har da iskar da ke cikin kwalbar. Wanda bai riƙe waɗannan ba, zai auna samfuri ɗaya sau biyu ya sami amsa biyu.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar

Tazarar makamashin ZnO, wato kuzarin da ilektiron ke bukata kafin ya tsallaka mataki na sama, a zafin ɗaki eV 3.37 ce (eV ma'aunin kuzari ne, meV kuma kashi ɗaya cikin dubu nasa). A raba 1240 da wannan adadi, ana samun nanomita 368, wato sai haske mai gajeren zango kusa da haka ko ƙasa da haka ne ke iya ɗaga ilektiron sama ya bar gurbi a baya. Ilektiron da gurbinsa suna riƙe juna da ƙarfin meV 60, wannan haɗin ake kira eksiton, kuma tunda kuzarin zafin ɗaki wajen meV 26 ne kawai, haɗin ba ya warwarewa da sauƙi. Idan suka koma suka haɗu kai tsaye, sai a sami siririyar ƙololuwa a yankin UV, kusa da nanomita 380 a manyan ƙwayoyi. Idan kuwa ɗayansu ya faɗa wani tarko a jikin ƙwayar kafin su haɗu, hasken yana fita da ƙaramin kuzari, a matsayin faffaɗan tudu tsakanin nanomita 500 da 560. Shi ne koren da ido ke gani. Hasken UV yana ƙarewa cikin ƙasa da nanodaƙiƙa ɗaya, koren kuwa yana kaiwa wajen maikrodaƙiƙa.

Da zarar faɗin ƙwaya ya sauko ƙasa da nanomita 7 ko makamancin haka, wurin ya yi wa eksiton ƙunci, tazarar makamashi ta buɗe, duka gefen shan haske da koren tudun su matsa zuwa gajeren zango. Da wannan za mu auna girma ba tare da madubin ilektiron ba.

Kayan haɗi da awo

Hanyar da ke nan ita ce ta itanol da Spanhel da Anderson suka wallafa a 1991, da gyaran da Meulenkamp ya yi mata a 1998. Ana bukatar zinki asitet mai ruwa biyu, Zn(CH3COO)2·2H2O, giram 1.10, wato milimol 5. Lithiyam haidroksaid mai ruwa ɗaya, LiOH·H2O, giram 0.29, wato milimol 7. Tsantsar itanol mililita 100, da wani ƙari don wanki. Da heptan wajen mililita 300. Sai fulas mai zagayen gindi na mililita 250, kondensa, murhun lantarki mai juya maganaɗisu, kwanon ƙanƙara, bahon girgiza da sauti, da santirifuj, na'urar da ke juyawa da gudu don ta kwantar da laka.

Lura da rabon: haidroksaid 1.4 ne ga kowane zinki ɗaya, alhali lissafin sinadari yana neman 2. Da gangan ake rage shi. Ragowar zinki da asitet suna manne wa bayan ƙwayoyin, su hana su dunƙulewa. Ma'anarsa kuma, mafi yawan ZnO da za a iya samu milimol 3.5 ne, wajen giram 0.28, don haka kada ka yi lissafin riba a kan milimol 5. Ana iya amfani da KOH ko NaOH a madadin lithiyam, amma ƙwayoyin sukan fi saurin girma, kuma tsakuwar KOH ta kasuwa wajen kashi 85 cikin ɗari ce, sauran ruwa ne, sai an sa wannan cikin awo.

Itanol mai kashi 95 ko 96 ba zai yi ba. Ruwan da ke cikinsa ya isa ya mayar da aikin farar laka tun kafin a gama ɗiga alkali. Gilasan ma a busar da su a tanda, a bar su su huce a rufe.

Itanol yana kama wuta tun daga digiri 13, heptan tun daga digiri 4 ƙasa da sifili, saboda haka ba harshen wuta a kusa, kuma a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake aikin. LiOH yana cin fata da ido. Fitilar UV tana bukatar tabarau mai tare ta. Busasshen garin ba a shaƙarsa, kuma ba a zuba ragowar a magudana, domin ZnO guba ne ga halittun ruwa.

Haɗawa

Zuba zinki asitet cikin itanol mililita 50, ɗaura kondensa, ka tafasa a wajen digiri 78 kana juyawa har ruwan ya yi garau. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin. Sauke, ka sa fulas ɗin cikin ƙanƙara har ya kai digiri 0. Yayin hucewa wani farin gari kan kwanta a gindi. Asitet ne da sanyi ya fitar, ba lalacewa ba ce, zai narke idan alkali ya shiga.

A gefe guda, zuba LiOH cikin sauran mililita 50 ka sa a bahon girgiza. Narkewarsa a itanol tana da nawa, a ba shi lokaci har ƙwayar ƙarshe ta ɓace, a rufe bakin kwalbar kuwa, don iskar kabon dayoksaid ta sararin ɗaki tana mayar da shi kabonet. Shi ma a sanyaya shi zuwa digiri 0.

Yanzu ɗiga alkalin cikin ruwan zinki, ɗigo-ɗigo, cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin, maganaɗisu na juyawa da ƙarfi, fulas na cikin ƙanƙara. Kafin a kai rabi, gajimaren da ke ciki zai washe. A ƙarshe ruwan ya kamata ya zama garau kamar ba komai a cikinsa. Kashe fitilar ɗaki ka haska shi da UV: sabon haɗi yakan ba da shuɗi mai ratsin kore. Rubuta lokacin da ɗigon ƙarshe ya faɗa, daga nan ake ƙirga shekarun samfurin.

Idan ruwan ya fito fari kamar madarar da aka sirka, ɗaya cikin uku ne: ruwa ya yi yawa a itanol, an kwarara alkalin gaba ɗaya, ko fulas ya ɗumama. Idan kuma garau ne amma ba ya haske ko kaɗan, galibi LiOH ɗin bai narke duka ba ko ya tsufa ya zama kabonet.

Girma ba ya tsayawa

Ƙwayoyin suna ci gaba da girma a cikin kwalba, ƙanana na narkewa suna ciyar da manya, abin da ake kira nunar Ostwald. Zafi da ruwa suna hanzarta ta, sanyi yana rage mata gudu. Wannan ne ke ba ka jerin girma daban-daban daga haɗi guda. Raba ruwan kashi uku: ɗaya a firiza, ɗaya a zafin ɗaki, ɗaya a digiri 60. Daga na zafin ɗaki, ɗebi samfuri bayan minti 10, awa 1, kwana 1 da kwana 5. Na digiri 60 yana yin wannan tafiyar cikin 'yan awoyi. Jera su ƙarƙashin fitilar UV, za ka ga launin ya taso daga shuɗi-kore zuwa kore zuwa rawaya yayin da faɗin ke tashi daga wajen nanomita 2.5 zuwa 5 ko 6.

Wanki

Ruwan yana ɗauke da lithiyam asitet da ragowar zinki. Don raba su, zuba heptan ninki biyu zuwa uku na samfurin, ka ɗan kaɗa, ka jira ruwan ya yi fari. Juya a santirifuj na minti 5 a gudun zagaye 4000 zuwa 5000 a minti, tsiyaye ruwan sama, nan take ka zuba sabon itanol mai sanyi a kan lakar tun tana jiƙe. A nan aiki ya fi lalacewa. Lakar da aka bari ta bushe ba ta sake watsuwa, ko an kwana ana girgiza ta, don ƙwayoyin sun riga sun manne da juna. Wanki sau biyu ya isa. Na uku da na huɗu suna cire asitet ɗin da ke kare bayan ƙwayoyin, ruwan ya yi gajimare, koren hasken ya ragu. Idan ana son samfurin ya daɗe ko ya shiga ruwa, sai a lulluɓe shi da silika ko polimar PVP. Tsirarar ZnO tana narkewa a asid, tana kuma narkewa a alkali mai ƙarfi.

Auna girma

Sirka samfurin da itanol wajen sau 50, ka auna shan haske daga nanomita 280 zuwa 450. Kubet ɗin kwaz, wato ƙaramin mazubin da ake sa samfuri a na'ura, ake amfani da shi, domin gilashi da roba suna shanye UV a daidai inda ake son gani. Layin da ke sama da nanomita 400 ya kamata ya kwanta a kan sifili. Idan ya ɗago da jela, ƙwayoyin sun dunƙule suna warwatsa haske, duk wani lissafi a kansa kuwa zai karkace.

Nemo kafaɗar da ke saman gefen shan hasken, sannan ka karanta tsawon zangon da layin ya sauko rabin tsayinta, λ½. Ma'aunin Meulenkamp, wanda ya dace da faɗin angistirom 25 zuwa 65, shi ne: 1240/λ½ = 3.301 + 294/D² + 1.09/D, inda D shi ne faɗin ƙwaya cikin angistirom (angistirom 10 ne nanomita ɗaya). λ½ na nanomita 340 yana ba da wajen nanomita 3.1, na 350 yana ba da 3.7, na 360 yana ba da kusan 5. Ka ga yadda ma'aunin ke rasa kaifi a sama: kuskuren nanomita biyu kusa da 360 yana sauya amsar sosai. Wannan ma'auni ya fi lissafin Brus na 1984 dacewa a nan, don na Brus yana zuzuta buɗewar tazara a ƙwayoyi mafi ƙanƙanta.

XRD, wato awon tsarin kiristal da hasken X-ray, ne ke tabbatar da cewa ZnO aka samu. Da hasken X-ray na jan ƙarfe mai tsawon angistirom 1.5406, tsarin kiristal na ZnO, wurzait, yana nuna ƙololuwa a kusurwar 2θ ta digiri 31.8, 34.4, 36.3, 47.5, 56.6 da 62.9, kamar yadda yake a katin JCPDS 36-1451. A ƙwayoyi 'yan nanomita 3 ko 4, ukun farko suna faɗaɗa har su shige cikin juna, don haka kada a ɗauki faɗi daga cikinsu. Ɗauki na 47.5 ko 56.6 da ke tsaye su kaɗai. Lissafin Scherrer: D = 0.9λ/(β cosθ), inda β shi ne faɗin ƙololuwa cikin radiyan, θ kuma rabin kusurwar da ta fito. Idan faɗin ƙololuwar 56.6 a rabin tsayi digiri 2.0 ne, β ya zama radiyan 0.0349, θ digiri 28.3, amsar nanomita 4.5. Mantawa da mayar da digiri radiyan, ko sa 2θ a gurbin θ, su ne kurakuran da aka fi gani. A fara awon daga digiri 5, ba 20 ba, domin gurɓataccen zinki haidroksi-asitet mai hawa-hawa yana bayyana ne kusa da digiri 6.6. Hoton madubin ilektiron, TEM, idan akwai, a ƙirga ƙwayoyi ɗari ko fiye kafin a faɗi matsakaici.

Auna hasken

Ana bukatar kubet ɗin kwaz mai gefe huɗu garau. Ƙara sirka samfurin har shan haskensa a zangon tayarwa, wato zangon hasken da ake haska shi da shi, ya sauko ƙasa da 0.1. Idan ya yi kauri, hasken tayarwa yana ƙarewa a bakin kubet kafin ya kai tsakiyar da na'ura ke kallo, kuma ƙwayoyin suna sake shanye hasken UV ɗin da 'yan'uwansu suka fitar, tunda yana dab da gefen shan haske. Sakamakon shi ne ƙololuwar UV ta ragu ta kuma matsa zuwa dogon zango, mai awo ya ɗauka aibi ne ya yi yawa a ƙwayoyin, alhali kauri ne kawai.

Tayar a nanomita 320, tsagar shiga da ta fita nanomita 2 zuwa 5, ka karanta daga 335 zuwa 620. Tsaga ɗaya, ƙarfin na'urar gani ɗaya ga dukan samfuran da za a kwatanta. Kafin komai, auna itanol zalla a kubet ɗin.

Dalilin wannan awon na farko shi ne ƙololuwar Raman ta itanol, wato hasken tayarwa da itanol ke warwatsawa bayan ya rage masa kuzari. Girgizar haɗin C–H tana wajen 2930 a ma'aunin cm⁻¹. Nanomita 320 daidai yake da 31250, a debe 2930 saura 28320, wato nanomita 353. Nan kuwa shi ne daidai inda hasken eksiton na ƙananan ƙwayoyi ke faɗawa, kuma a sirkakken samfuri tsayinsu kan yi kusa. Gwajin mai sauƙi ne: mayar da tayarwa zuwa 310. Raman zai koma 341, hasken ZnO na gaskiya ba zai motsa ba. Haka nan duk siririn tsini da ya fito a ninkin zangon tayarwa, 640 ga mai tayarwa a 320, daga na'urar yake. Idan ana son karantawa har 700, a sa matatar da ke tare gajeren zango a gaban mafita, a auna yankin da ido ke gani daban.

Kunna gyaran amsar na'ura. Yawancin bututun gano haske suna rasa ƙarfi wajen ja, sai su yanke wa faffaɗan tudun gefensa na dama, tsakiyarsa ta bayyana ta fi kore fiye da yadda take. Idan kuma za a mayar da zanen daga nanomita zuwa eV don a rarraba tudun, dole a ninka tsayin kowane ɗigo da λ². Sauya layin ƙasa kaɗai yana gurɓata siffar. Game da rarrabawar kanta, faffaɗan tudu guda zai karɓi lanƙwasa uku ko biyar duk yadda aka ba shi, kuma dacewar lissafi ba hujja ba ce cewa akwai aibi iri biyar.

Bayan haka, tsayar da mafita, wato zangon da ake karantawa, a tsakiyar koren tudun, misali 530, ka zagaya da tayarwa daga 280 zuwa 420. Zanen ya kamata ya bi sawun gefen shan haske. Idan ya bi, koren daga ZnO yake. Idan aka ga wani shuɗin haske tsakanin 420 da 450 wanda ake iya tayarwa a 390, inda ƙwayoyin ba sa shan komai, a zargi datti, tsohon itanol, ko robar murfi.

Yawan hasken da ake samu

Ana kwatanta shi da kwinin salfet cikin H2SO4 mai mola 0.5, wanda rabonsa, wato hasken da yake fitarwa bisa wanda ya sha, 0.546 ne. Kulorid yana kashe hasken kwinin, kada HCl ya kusanci kubet ɗin. Daidaita shan hasken biyun a zango ɗaya, misali 0.05 a nanomita 330, ka ɗauki faɗin filin da ke ƙarƙashin kowane zane da aka gyara. Rabon samfuri shi ne 0.546 sau filin samfuri bisa filin kwinin, sau shan kwinin bisa shan samfuri, sau murabba'in 1.36 na itanol bisa murabba'in 1.33 na ruwa. Idan filin samfuri 0.30 ne na kwinin kuma shansu ɗaya, amsar 0.17 ce. Ya fi inganci a yi kauri huɗu ko biyar na kowanne a ɗauki gangaren layi. Samfuri mai gajimare ba ya shiga wannan lissafi, don warwatsa haske yana kumbura adadin sha.

Fassara koren tudu

An saba rubuta cewa gurbin iskar oksijin ne ke haifar da koren, bisa aikin Vanheusden da abokansa na 1996. Wasu masana sun jingina shi ga gurbin zinki, wasu ga tarkunan bayan ƙwaya, har yau kuma ba a rufe muhawarar ba. Zane guda ba zai raba gardama ba, amma akwai gwaji mai arha da ke nuna yawan rawar da bayan ƙwaya ke takawa. Rufe kubet da murfin roba mai hudawa, busa nitirojin ko agon na minti 15, ka bar hasken tayarwa a kansa kana sake awo bayan kowane minti. Koren zai yi ta raguwa, UV na tashi. Itanol yana kwashe gurabe, ilektiron suna taruwa a cikin ƙwayar, babu oksijin da zai ɗebe su. Buɗe murfin ka kaɗa, koren ya dawo. Ƙungiyar van Dijken ta bayyana wannan a shekarar 2000. Ashe rabon UV bisa kore, wanda ake yawan ɗauka ma'aunin kyawun kiristal, yana sauyawa ba tare da an taɓa kiristal ɗin ba. Ƙarfin tayarwa ma yana sauya shi: lesar He–Cd ta nanomita 325 tana cika tarkunan, sai UV ya rinjaya, fitilar zenon kuwa ba ta kai nan ba. Awon lesa da na fitila ba a kwatanta su.

Gasawa da gauraya

Don nazarin gari, busar da wankakkiyar laka a digiri 60, raba ta, ka gasa a digiri 300, 400 da 500 na awa biyu-biyu. Asitet yana ƙonewa, ƙwayoyin suna girma zuwa gomman nanomita, ƙololuwar UV ta koma kusa da 380. Gasa rabi a iska, rabi a nitirojin, shi ke ba da abin kwatance kan batun oksijin. Ana auna gari daga fuska, a karkace da digiri 30 ko 60. A digiri 45 hasken tayarwa yana komawa kai tsaye cikin na'urar gani.

Don gaurayar magniziyam ta kashi 5, yi amfani da zinki asitet giram 1.04 da magniziyam asitet mai ruwa huɗu giram 0.054, sauran matakai yadda suke. Gefen shan haske zai matsa zuwa gajeren zango, amma magniziyam yana rage girman ƙwaya ma, don haka sai an auna girma da TEM ko XRD, an kuma auna magniziyam ɗin da ya shiga da ICP, na'urar auna yawan sinadarai, kafin a ce tazarar ce ta buɗe. Kobalt, manganis da baƙin ƙarfe sukan kashe koren ko da kaɗan ne. Yuropiyam yana ba da siririn jan layi kusa da nanomita 613, sai dai Eu³⁺ ya fi Zn²⁺ girma kuma cajinsu ba ɗaya ba, galibi a bayan ƙwaya yake tsayawa. Tsayar da mafita a 613 ka zagaya da tayarwa: idan siraran layuka a 394 da 465 kawai suka fito, yuropiyam ɗin da kansa yake shan haske. Sai zanen ya nuna gefen ZnO a ƙasa da 370, bayan an debe jelar koren tudun da ke kaiwa 613, sannan za a ce kuzari yana wucewa daga ƙwayar zuwa gare shi.